Harjal a ƙasar laka: abin da wani mai lambu a kudancin Sinnar ya sha da tsiron hamada, 2018 zuwa 2023

Mutumin da gonarsa

Wanda wannan bayani ya shafa Bahaushe ne mai lambu, ɗan shekara arba'in da 'yan kai lokacin da ya soma gwada noman harjal. Yana zaune a wani ƙauye na bakin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan, ba nisa da Mai Wurno, garin da ya ci sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ƙaraso nan da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakannin mutumin namu 'yan hanyar Makka ne da suka yada zango, zangon ya zama gida. Ƙanin mahaifiyata ne, don haka Kawu zan riƙa ce masa. Ni malamin makaranta ne, ba malamin gona ba. Nawa aikin shi ne riƙe littafin da muke rubuta ranaku da awo, domin shi Kawu a ka yake ajiye lissafinsa.

Gonarsa faddan uku ce, faddan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne. Ƙasar iri biyu ce. Ta tudu baƙar laka ce, irin wadda ta shimfiɗu tun daga Jazira har Gadarif: da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta rufe bakinta ta riƙe ruwa kamar randa. Ta gangare ita ce jarfi, gaɓar kogi da ruwa ke hawa duk shekara ya sauka ya bar mata sabuwar ƙasa mai laushi. Albasa yake nomawa da kuɓewa da tumatir da lalo. Yana ban ruwa da babur. (Mutanen Najeriya kada su yi dariya, a nan injin jan ruwa ake kira babur.)

Inda ya ga tsiron, 2016 zuwa 2018

Kamar sauran magidanta da yawa, Kawu ya tafi neman zinariya arewa, yankin Abu Hamad, a 2016. Zinariyar ba ta yi albarka ba, sai ya koma ƙwadago a lambun wani dattijo ɗan ƙabilar Rubaɗab a bakin Nilu. A can ya fara ganin harjal a tsaye da ransa. Busasshensa kam ya san shi tun yana yaro, don da wuya ka shiga gida a Sudan ka rasa shi a ƙulle a ɗaki tare da hulba da maharib, ciyawar nan da Hausawa ke kira nobe. Ana dafa shi a sha don murɗar ciki da kumburi da tari, ana kuma ba mai jego. Ɗacinsa ba ya da kunya.

Masana tsirrai suna kiransa Solenostemma argel, kuma shi kaɗai ne a jinsinsa, ba shi da wa ba shi da ƙani. Amma danginsa na nesa mun san su sarai: tumfafiya, da yaɗiya, da fatakka, duk gida ɗaya suke. Ɗan ƙaramin kurmi ne da ba ya cika wuce ƙugun mutum, rassa da yawa ke tashi daga gindi ɗaya. Ganyensa bibbiyu suke fitowa suna kallon juna, siriri mai kauri, launinsa kore mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari. Furensa fari ne, ƙanana a cure wuri ɗaya a hammatar ganye, da ƙamshi mai tashi da yamma. Ɗansa kwanso ne mai tauri kamar ƙaramin ƙwai mai tsini, tsawonsa wajen santimita 5, kore da zanen shunayya, idan ya nuna ya koma ruwan ƙasa ya fashe. Irin da ke ciki kowane da tuntun farin gashi a ka, iska ta ɗauke shi kamar yadda take yi da audugar tumfafiya.

Gidansa na asali kwaruruka ne na hamada masu yashi da tsakuwa: duwatsun Azbin a Nijar, Hoggar a Aljeriya, Tibesti a Chadi, hamadar Masar da Sina'i, har zuwa ƙasar Saudiyya. A Sudan yana fitowa da kansa a arewa, kuma yankin Abu Hamad ne ya yi suna wajen nomansa da ban ruwa, daga can yake gangarowa kasuwar Omdurman ya bazu. Turawa sun san shi ta wata hanya mai ban dariya: fatake sun daɗe suna cakuɗa ganyensa cikin sanamakka, 'yar'uwar filasko, da ake fitarwa Turai ta Iskandariyya. Delile, Bafaranshen masanin tsirrai da ya biyo rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, shi ya rubuta shi da sunan argel, wato harjal ɗin ne a bakin Bature.

Abin da Kawu ya gani da idonsa shi ne dattijon yana sakar wa harjal ruwan Nilu a fangali har ya cika, kamar kowane kayan lambu. Da zai dawo gida a Fabrairu 2018, dattijon ya ba shi busassun kwanso talatin. Lissafin Kawu mai sauƙi ne: ga kogi a ƙofar gida, ga ƙasa mai ƙarfi, ga kaya da ba ya ruɓewa a hannu kamar tumatir, ga shi kuma ana shuka shi sau ɗaya a yi shekaru ana yanka.

Gwajin farko: daminar 2018

Ranar 10 ga Yuli, bayan ruwa na biyu, ya shuka shi yadda ake shuka dawa. Ya sari rami 200 a wata kusurwa ta baƙar laka, zurfin ɗan yatsa, ƙwaya uku zuwa huɗu a kowane rami, ya take da diddige.

Bayan mako biyu rami 31 ne kawai suka tsira. Muka tona wasu daga cikin waɗanda ba su fito ba. A wasu irin ya narke. A wasu ya tsira amma ya lanƙwashe a ƙarƙashin ɓawon laka da ya ƙafe a sama, ya kasa huda shi. A mako na biyu na Agusta aka yi kwana uku ana ruwa, ya kwanta a wurin kwana biyu. Ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, gindin karan daidai inda ya taɓa ƙasa ya yi baƙi ya yi laushi, idan ka ja tsiron sai ya biyo hannunka ba gardama, saiwar tana wari. Kafin ƙarshen wata babu ko ɗaya.

A majalisar bayan la'asar kowa ya faɗi nasa. Wani ya ce irin ne ya mutu tun a hanya. Wani ya ce gara ce. Wani dattijo ya ce abin da aka yi ta yayatawa tun ba a shuka ba, ai baki ya riga ya kama shi. Kawu ya tsaya a kan cewa zurfin ramin ne da lokacin shuka.

Gwaji na biyu: Nuwamba 2018 zuwa Agusta 2019

Wannan karon ya yi reno, kamar yadda ake yi wa lemo da mangwaro. Baƙaƙen leda 120, ya cika su da yashi da ƙasar jarfi rabi da rabi, ya cire wa irin gashinsa, ya sa shi zurfin santimita 1 kacal. Cikin kwana goma leda 94 suka tsira. Maganar cewa irin ya mutu ta faɗi a nan.

Sai aikin dashen albasa ya sha kansa. Renon ya yi mako goma a leda. Da aka zo ɗagawa a ƙarshen Janairu, sai aka tarar saiwar uwa ta huda gindin leda ta shige ƙasa, tsiron da bai kai taƙi ɗaya a sama ba saiwarsa ta ninka shi tsawo. Duk wanda aka ɗaga sai ka ji ɗan ƙas. Aka dasa su a fangali, layi ɗaya da albasa, suna shan ruwa tare duk kwana biyar.

Bayan mako uku saura 58. A Afrilu saura 40, kuma yawancinsu a tsugune suke, ganye ɗashe-ɗashe, ba su mutu ba ba su yi gaba ba. Sai dai guda goma sha ɗaya da wuri ya ƙare musu, aka dasa su a kan gaɓar magudanar ruwa can wutsiyar lambu inda ruwa ke isa da ƙyar, sun fi sauran girma nesa ba kusa ba, har sun yi fure a Mayu. Na rubuta wannan a littafi. Kawu ya ce tsibin takin da ke kusa da su ne ya taimake su, ya ɗebi taki ya zuba wa na fangali. Babu abin da ya sauya.

Damina ta sauka. Zuwa tsakiyar Agusta na fangali duk sun bi na bara, da alamu iri ɗaya. Cikin goma sha ɗayan kan gaɓa, bakwai suka ga kaka.

A nan ne uwargidansa ta yi maganarta ta farko, tana miƙa masa shayi: "Malam, ita dai albasa ba ta taɓa ba mu kunya ba." Bai ce komai ba.

Gwaji na uku: saman jarfi, Oktoba 2019 zuwa Satumba 2020

Ya yanke shawarar barin laka. A can saman jarfi akwai wani zirin ƙasa mai yashi, inda kogi ba ya kaiwa sai shekarar babban ruwa. A iya tunanin Kawu, tun 1988 sau biyu ko uku kawai ruwa ya taɓa wurin. Ya shuka kai tsaye, ba reno ba dashe, rami 150, da ragowar irin da ya zo da shi, wanda a lokacin ya haura wata ashirin a ƙulle cikin tsumma. Rami 80 suka tsaya.

Wannan ne karon farko da muka ga harjal irin wanda Kawu yake ba mu labari. A Maris ya kai gwiwa, ya yi rassa, ya rufe da farin fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. A Afrilu aka yi yankan farko, ya ba da kilo 4 busasshe. Aka sake yanka a Yuni. An bar gindi goma ba a taɓa ba don iri, kwansonsu ya fara ƙosawa.

Shekarar 2020 ita ce ta babban ruwa. A farkon Satumba ma'aunin kogin a Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, jihar Sinnar kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Zirin Kawu ya yi kwana goma sha shida a ƙarƙashin ruwa. Da ruwa ya janye sai ga taɓo mai kaurin taƙi ya binne komai. Muka jira wata guda ko wani gindi zai tofo. Shiru. Abin da ya rage masa a duniya na harjal shi ne bakwai ɗin nan na kan gaɓar magudana, waɗanda ba wanda ke kula da su, kuma sun sake tsallake damina.

Gwaji na huɗu: tsohuwar kamina, Oktoba 2020 zuwa Yuni 2021

Ambaliya ta rushe ɗakunan ƙasa da yawa a ƙauyen, sai mutane suka riƙa zuwa tsohuwar kamina, wurin da aka daɗe da daina gasa jan bulo, suna tsintar gutsattsari don gyaran gindin bango. Kawu ya je ɗibar nasa washegarin wani ruwan ƙarshen damina. Ko'ina caɓi ne, amma tudun kaminar a bushe yake har ƙura na tashi, tumfafiya da sanamakka sun cika shi shar. Ya dawo gida ya aika a kira ni.

"Ɗana, ɗauko littafinka. Waɗancan bakwai ɗin, a ina muka ce suke?"

Na ce, "A kan gaɓa, Kawu."

Ya ce, "To."

Wurin na surukinsa ne, ya ara masa ƙiraɗi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 24 na faddan, murabba'in mita 175. Ya aika wa ƙanin matarsa da ke can wurin zinariya, aka ba direban bas sabon kwanso ashirin na wannan shekarar.

Ga yadda aka gyara wurin. Kunya shida masu faɗin kai, kowace tsawon mita 20, faɗin mita 1, tudun santimita 40, da kwari tsakaninsu mai buɗaɗɗen baki ta gangare. A ƙasa aka shimfiɗa gutsattsarin bulo da ƙonanniyar ƙasar wurin. A sama yashin kogi kashi biyu, ƙasar jarfi kashi ɗaya, da ɗan tsohon taki da ya riga ya zama gari. Yashin kaɗai ya ci amalanken jaki sittin, aikin kwana tara shi da 'ya'yansa biyu. Wannan shi ne mafi tsadar abin da aka yi a duk lamarin, kuma maƙwabta sun sha kallo: mutum yana da ƙasa mai ƙarfi da mutanen arewa ke mafarkinta, ya koma yana sayen wahala yana jido yashi.

An yi shuka ranar 25 ga Oktoba, ruwa ya ɗauke amma zafin kaka bai tafi ba. Rami 30 a kowace kunya, tazarar santimita 65, ƙwaya uku a rami, zurfin santimita 1, aka rufe da yashi zalla. Cikin 180, rami 164 suka tsira, aka cire raunana aka bar ɗaya-ɗaya. Mako ukun farko da gwangwani mai huji ake yayyafa musu duk kwana biyu. Niyyar Kawu bayan nan ita ce ya jawo tiyo daga babur ya riƙa cika kwarin duk mako.

Niyyar ba ta cika ba. A ƙarshen Oktoban nan aka ƙara kuɗin mai, man gas da muke kira jazulin ya zama sai an kwana a layi. A Fabrairu 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, a Yuni kuma aka janye tallafin mai gaba ɗaya. Ɗan abin da Kawu ke samu albasa yake ba, don ita ce cefanen gida. Harjal ya koma shan ruwan duro a bayan jaki, duk kwana goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Akwai lokacin da ya yi kwana 19 a cikin Fabrairu bai ga ɗigo ba. Kawu ya tafi wurin da zuciyar zuwa gaisuwar mutuwa, ya tarar da sabon tofo a kowane reshe. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga ranar, ko da mai ya samu, bai ƙara matsa tazarar ba.

Matsala ɗaya aka samu a wannan zangon. A Janairu wasu ƙananan ƙwari rawaya, irin masu kawo darɓa, suka lulluɓe kan rassa, su ne dai waɗanda ake gani a jikin tumfafiya. Aka sare tumfafiyar da ke kewaye, aka daka 'ya'yan darbejiya, wadda a nan ake ce wa nim, aka jiƙa kwana ɗaya, aka tace aka sa ɗan sabulu aka fesa sau biyu, mako guda tsakani. Kawu ya ƙi maganin kanti, ya ce ganyen da mai jego za ta sha ba a yi masa haka. Da zafin Maris ya shigo, ragowar ƙwarin suka ɓace da kansu.

Yankan farko tsakiyar Afrilu, fure ya buɗe, aka yanke da lauje aka bar taƙi ɗaya daga ƙasa: kilo 9 busasshe. Na biyu a ƙarshen Yuni, kafin ruwa: kilo 8.

Daminar 2021 da kuskuren shanya

Wannan ce jarrabawar da aka faɗi sau uku. Kafin ruwan farko an share bakin kowane kwari, kuma tun daga Yuli har Oktoba ba a ba shi ruwa ko sau ɗaya ba. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi ɗan Kawu yakan je ya duba, kwarin yakan tsane cikin awa ɗaya ko biyu. A ƙarshen Satumba muka ƙirga 151 cikin 164. Goma sha ukun da suka mutu duk a wutsiyar kunya biyu suke, inda yashi ya zauna kunyar ta lotsa. Aka ƙara musu yashi.

Amma an tafka wata asarar. Ganin tsiron ya yi lif da ganye a Agusta, Kawu ya kasa haƙuri ya yanki kunya biyu. Babu rana, iska a jiƙe, aka baza a ɗaki. Ganye mai kauri ba ya sakin ruwansa da wuri. A kwana na biyar ya yi baƙi, ya soma furfura. Ya kai wa attar ɗin da ya sayi na Afrilu a kasuwar Sinnar, mai sayar da kayan ƙamshi da saiwoyi. Mutumin ya damƙa, ya shinshina, ya mayar cikin buhu.

"Ya Hajji, wancan na karɓa don launinsa launin arewa ne. Wannan ko kyauta ka ba ni, ɓata mini sauran zai yi."

Wajen kilo 3 aka zubar. Kunyoyin da aka yanka ma sun daɗe ba su farfaɗo ba, wasu kututturan suka ruɓe daga bakin yanka.

2022 zuwa Maris 2023

Daga nan aiki ya zauna a kan tsari. Yanka uku a shekara: ƙarshen Nuwamba, ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, da ƙarshen Yuni. Daga Yuli zuwa Oktoba ba lauje ba ruwa. Ana shanya a rumfa a kan tabarma, a inuwa mai iska, ana juyawa safe da yamma, kwana biyar zuwa bakwai, sannan a bubbuga a raba ganye da kara. Jimillar 2022 kilo 31 ce daga kunya biyar.

Ta shida an bar ta don iri, kuma a nan ma akwai darasi. Fure dubbai, kwanso 'yan kaɗan. Haka dangin tumfafiya suke: garin furensu ba ya tashi a iska, a ɗaure yake cikin 'yan ƙananan ƙunshi, sai ƙwaro ya sauka shan zaƙi ƙunshin ya maƙale masa a ƙafa ko a baki, ya kai shi wani furen ya saka daidai gurbinsa. Ba kowace ziyara ke dacewa ba. Kwanson farko da suka nuna kuwa sun fashe da rana tsaka, iska ta yi gaba da irin. Uwargidan Kawu ce ta kawo magani: ta yayyanka tsohon gidan sauro, ta ɗaure wa kowane kwanso nasa da zarar ya fara sauya launi. An tara kwanso 46.

Da wannan irin na gida aka buɗe ƙiraɗi na biyu a Oktoba 2022. Attar yana saye, amma ƙasa kaɗan da farashin na arewa, ya ce ganyen Kawu ya fi faɗi da kore, ƙamshinsa bai kai na Abu Hamad kauri ba. Rabin kayan ma ba ya kaiwa kasuwa, matan ƙauyen ke sayensa a ƙofar gida. Littafina ya tsaya a Maris 2023, wata ɗaya kafin yaƙi ya ɓarke a Khartum. A lokacin gindi 305 ne a tsaye.

Hukunci

Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce ya ga ana cika wa harjal fangali a Abu Hamad. Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne bayan awa ɗaya. A can ruwan yakan zurare ya bar saiwa da danshi da iska, kuma sama ba ta ƙara nata, don Abu Hamad takan shekara ba ta ga milimita 20 ba. Sinnar tana samun sama da milimita 400, yawancinsa a Yuli da Agusta, a kan ƙasar da ke toshe kanta idan ta jiƙa. Saiwa tana numfashi. Ta tsiron kwarin hamada ta saba da ruwan da ke zuwa ya wuce, idan ya kwana biyu a kanta sai ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa da ke cikin ƙasa su ƙarasa ta daga wuya. Wannan ne ya kashe na 2018, da na fangalin 2019, da goma sha ukun 2021, kuma shi ne ya bar bakwai ɗin kan gaɓa. Amsar tana cikin littafina tun Mayu 2019. Ni da na rubuta ta ban karanta ta ba, na yarda da zancen taki, muka yi asarar shekara ɗaya da rabi.

Zurfin rami da karyewar saiwa wajen dashe kurakurai ne na gaske, amma ƙanana ne, sun rage yawa ne kawai. Gwajin jarfi ba kuskuren ƙasa ba ne, ƙasar ta dace, wurin ne caca ga tsiron da ake so ya shekara biyar a gindi ɗaya. Shukar Oktoba kuwa ta ba shi wata takwas na rani ya kafa saiwa kafin ya gamu da damina. Ƙarancin mai bai ceci tsiron ba, kunyar yashi ce ta cece shi, amma shi ya nuna cewa ruwan mako-mako ɓarna ce.

Ko abin ya biya? A ƙiraɗi ɗaya ko biyu, a wurin da bulo da tudu suke kyauta kuma yashi yake kusa, ya biya: ba ya cin mai, ba ya cin magani, buhunsa yana jiran kasuwa wata da watanni, kuma yana kawo kuɗi a Yuni lokacin da albasa ta ƙare. A faddan guda ba zan ba kowa shawara ba. Yashin kaɗai amalanke 1,440 ne a lissafin Kawu, don a samu ganyen da attar zai saya ƙasa da na mutanen da Allah ya ba su yashin a banza. Maƙwabta biyu sun karɓi iri a wurinsa a 2022. Ɗaya ya yi kunya a bayan gidansa da ragowar bulon gini, nasa yana nan. Ɗayan ya ce wahalar ta yi yawa, ya shuka a gefen kuɓewarsa.